Hodar da ke tona asirin yatsa

Duk wanda ya taɓa dangwala yatsa a takardar bashi, ko wajen rajistar zaɓen 2020, ya san zanen yatsansa nasa ne shi kaɗai. Amma yatsa na barin wannan zane ko babu tawada: gumi da maiƙo ne ke kwanciya bisa kwaɗo, gilashi ko akwatin kuɗi, ido bai ganinsu. Da irin wannan shaida aka gano wani mai kisan kai, Scheffer, a birnin Paris a 1902.

Baƙar hoda aka saba barbaɗawa don zanen ya fito. To, ina amfaninta bisa baƙin ƙarfe, ko gwangwanin tumatir mai launi barkatai? Shi ya sa masana suka haɗa wata hoda mai ƙyalli, wadda a cikin wasu ire-irenta ake sa sinadarin yuropiyom. A shafa ta da buroshi mai laushi, ta manne wa maiƙon, a duhunta ɗaki, a haska fitila ta musamman. Nan take layukan yatsa za su yi haske, kore ko ja, a ɗauki hoto. Wata ma tana ci gaba da haske bayan an kashe fitilar, kamar hannun agogo da dare, sai launin gwangwanin ya ɓace, zanen kaɗai ya rage.

Sai dai a Arewa hodar nan na da magabta. Rana da ƙurar hunturu suna busar da gumi da wuri, ga shi tsakanin Dogon Dutsi da Yamai akwai kilomita wajen 270, in har daga can ƙwararru za su taso. Babban magabcin kuwa mu ne. In aka fasa kanti a Dutsi ko Tibiri, kafin hantsi maƙwabta sun cika wurin jaje: wannan ya jujjuya kwaɗon, wancan ya buɗe akwati ya ga abin da ya saura, yaron kanti ya kama shara. Zumunci ne, ba musu, amma ɓarawo ake yi wa aiki.

Alhazai, ku tsayar da masu jaje a waje, ku tare ƙofa da benci, ku aika jandarmari ko kwamisariya. Haka ma ma'aikacin da ya tarar an ɓalle masa buro. In kuma jami'ai sun nemi zanen yatsunku da na yaranku, kada ran kowa ya ɓaci: so suke su ware na ƴan gida, su ga na baƙo.