Injin da Ke da Ido: Wa Ya Tambayi Masu Tsintar Riɗi a Dawanau?

Wannan makon alƙalami ya faɗo hannuna, kuma da izininku zan fitar da mu daga hirar jigo da salo, mu ɗan shaƙi ƙurar sito.

Duk wanda ya saba bin titin Katsina da sassafe ya san su. Mata ne daga ƙauyukan Dawakin Tofa da Ungogo da Tofa, wasu da goyo, suna sauka daga mota a bakin kasuwar Dawanau, kowacce da faifanta da ɗan ƙullin abincinta. Aikinsu tsinta: su zauna gaban tulin riɗi ko zoɓo, su fitar da tsakuwa da kara da ƙwayar da ta lalace, a biya su gwargwadon abin da suka gyara. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta shiga sahunsu bayan rasuwar mijinta. Da wannan tsintar ta riƙe marayu huɗu, da ita ta yi wa babbarsu kayan ɗaki. Lokacin zoɓo yatsunta kan yi ja har sabulu ya gaza.

Bara da kaka ta je siton da ta saba, aka ce mata ɓangaren riɗi ya daina ɗaukar mata, an kawo inji. Babu wanda ya sanar da su tun da wuri. Aka ware kaɗan don shara da ɗinkin buhu, sauran aka ce Allah ya ba da sa'a. Da ta dawo gida abin da ta ce mini shi ne: "Ɗan nan, wai injin ido gare shi."

Gaskiyarta. Na je na gani. Riɗi na zubowa ta wani kwararo kamar ruwan indararo, kyamarori na kallon kowace ƙwaya tana faɗowa, wadda ba ta yi ba sai wata 'yar iska mai ƙarfi ta hure ta gefe guda. Tsofaffin irin wannan inji launi kawai suke bambancewa. Sababbin kuwa koya musu ake yi: a nuna musu dubban hotunan ƙwaya mai kyau da marar kyau har su riƙa ganewa da kansu. Wannan koyon shi ne abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Mu a nan mun fi saninta a waya, tana rubuta mana wasiƙa ko tana zana bangon littafi. A masana'anta aikinta daban ne. Tana tantance kaya, tana sauraren ƙarar inji ta faɗi ranar da zai lalace, tana lissafa wa ya zo aiki da wa ya makara, wani lokaci ma ita ke faɗin wanda hannunsa ya yi sanyi.

Tun kafin wani ya ce na zo yi wa inji tawaye, bari in faɗi matsayina. Injin nan zai zo, kuma akwai dalilin zuwansa. Mai sayen riɗi a Japan ko Turkiyya ba ya son jin tsakuwa ko ɗaya a haƙorinsa, kuma idan Kano ba ta ba shi mai tsabta ba, Sudan da Habasha da Indiya suna nan. Mun ga yadda Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari, abin da ya nuna cewa kasuwar waje ba ta da kara. Ɗan kasuwar da ya sayo inji yana kare jarinsa ne. Masaƙan Ingila da suka riƙa farfasa injina tun daga 1811 ba su hana komai ba, wasunsu ma rataye su aka yi. Abin da nake ƙalubalanta shi ne yadda ake shigo da abin, kamar ɓarawo da tsakar dare, mutanen da abin ya fi shafa su zama na ƙarshen ji.

Kuma wannan ba shi ne karon farko ba. Tambayi kakarka abin da ya faru da matan da ke cin abinci da daka da surfe lokacin da injin niƙa ya shigo ƙauye. Tambayi dattawan Minjibir ina masaƙan garin suka tafi. Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin yadda tufar da ake saƙawa a rina a ƙasar nan ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, kuma yawancin saƙar a ƙauyuka ake yin ta, manomi ne ke zama masaƙi da rani. Tufar inji ta kashe wannan. Daga baya masaƙun injin su ma suka mutu: na Kaduna da aka buɗe a 1957 ya rufe a 2002, na Bompai da Sharada da Challawa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, Kantin Kwari ya cika da atamfar China. A duk waɗannan sauye-sauyen ba a taɓa shirya ma'aikaci ba. An bar shi da "Allah ya kawo wata hanyar."

A da, watakila akwai wata hanyar, wato gona. Yanzu fa? Wannan shi ne abin da masu tsara manufofi a Abuja ba su cika ganewa ba game da yankinmu. Daga Ungogo zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta, babu daji. Gona na jingine da gona, iyaka sai jan kunne ko ɗan geza. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore yake nazarin yadda karkarar Kano ta cika maƙil da jama'a amma take ci da kanta, da takin da jakuna ke ɗebowa daga birni da noman da ba a barin ƙasa ta huta. Tun daga lokacin an raba gado sau biyu ko sau uku. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau mu goma sha ne a kanta, rabon kowa bai fi a shanya barkono ba. Hatsin da aka girbe ba ya kai gida zuwa bazara. Abin da ke cike giɓin shi ne cin rani: dako a Dawanau, aiki a injin casar shinkafa a titin Haɗeja, kamfanin roba a Sharada, majema a Challawa. Saboda haka idan ka ce wa wanda inji ya kora ya koma gona, ka ce masa ne ya koma inda yunwa ta koro shi.

To wane ne wannan ma'aikacin da ake cewa za a shirya? A takardun taro, mutum ne mai takardar ɗaukar aiki, mai albashin wata, mai ƙungiyar ƙwadago, mai jin Turanci. A ƙasa kuwa, yawanci ɗan kullum ne. Ɗan kwangila ne ya kawo shi, sunansa ba ya cikin littafin kamfani, damina na faɗuwa zai ajiye aikin ya tafi shuka. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami tsaf, amma allon injin da Turanci ko Sinanci yake magana. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 labari ne yake ji a rediyo. Kada mu manta a Yunin 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, inda aka kulle su suna aiki watanni lokacin korona. A wurin da za a iya kulle mutum da kwaɗo, me kake tsammani idan aka ba mai gida na'urar da ke ƙirga kowane motsin hannunsa?

Gwamnati ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku kan fasahar zamani, ta kuma fitar da daftarin manufar ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a Agustan 2024. Abu ne mai kyau, ƙannenmu da yawa sun amfana. Sai dai shirin na mai kwamfuta ne da data. Yana samar da wanda zai gina na'urar, bai san da wadda na'urar za ta tayar daga kan tabarma ba.

A ganina shiri na gaskiya yana farawa ne da sanarwa, abu mafi arha a duniya. Wanda ya yi odar inji daga China ya san da zuwansa watanni kafin ya iso. Me zai hana ya tara mata ya ce, bayan salla riɗi zai koma inji, ga waɗanda zan riƙe, ga abin sallama ga sauran? Mace mai wata uku a hannu za ta iya shiga adashi, ta nemi jarin ƙuli-ƙuli, ta nemi wani siton. Wadda aka gaya wa a bakin ƙofa ko kuɗin motar komawa asara ne. A Jamus, dokar da aka gyara a 2021 ta ba majalisar ma'aikatan kamfani damar sanin shirin shigo da irin wannan fasaha tun ana tsara shi, har su kira masani ya duba musu. Ba na mafarkin Dawanau ta zama Jamus gobe. Amma kasuwar na da shugabanni, kowane layi na da ƙungiya, akwai sarkin kasuwa da masu unguwanni. Waɗanda ke iya sasanta rikicin dillali da mai kaya za su iya sa ƙa'idar sanarwa.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Injin nan da ake koya wa bambance ƙwaya, daga wa yake koyo? Dole wani ya ware samfur ya ce wannan mai kyau ce, wannan ta sha danshi, wannan ƙwaro ya taɓa ta, kuma riɗin Jigawa ba kamarsa ɗaya da na Binuwai ba. Wannan ilimi a idon su Gwaggo yake, shekaru suka kwashe suna tara shi. Idan za a saita inji, su ne malamansa na farko, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. To a kira abin da sunansa, a biya shi. Matar da ta shekara goma tana tsinta ita ta fi cancanta ta zama mai duba abin da inji ya zubar, ta ce wannan ya yi ɓarna, yana hure mai kyau tare da marar kyau. Matashin da aka kawo daga birni ya san maɓalli amma bai san riɗi ba. Koya wa mai ido maɓalli ya fi sauƙi a kan koya wa mai maɓalli ido. Kamfanin Toyota ya yi suna da ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa mota idan ya ga kuskure. Irin wannan ikon nake nufi: idan na'ura ta ce buhunka bai cika ba, ko ta ce ka makara ta yanke maka kuɗi, a sami ɗan Adam da za ka je gabansa ka ce ƙarya take, a kuma saurare ka.

Kuɗin horon fa? Akwai shi. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF, kuma kamfanonin da doka ta hau kansu suna zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a shekara. Matsalar ita ce ɗan kullum ba ya cikin lissafin albashin, don haka ba ya cikin lissafin horon. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi, ga Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, duk a tsakiyar mutanen da ake magana a kansu. Kwas na mako shida da rani, da Hausa, kan saita injin tantancewa da share kyamararsa da gane alamun allonsa, bai fi ƙarfin waɗannan makarantu ba. A sa shi da rani, na maimaita, domin wanda ya sa horo a watan Yuli bai san manomi ba.

Na san abin da wasu za su ce, don wani abokina mai ƙaramin kamfanin roba ya riga ya faɗa mini: "Malam, kana maganar basira, mu wuta muke nema." Yana da hujja. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 a Afrilun 2024, masu masana'antu ke kuka, dizal kuma ba a magana. Yawancin kamfanoninmu ba su kai ga sayen sabuwar na'ura ba, ta tsira suke yi. Amma wannan jinkirin shi ne damarmu. Rashin wuta ya saya mana 'yan shekarun da ma'aikacin China bai samu ba, kuma tun kafin a yi daran ake yin kwandi. Ƙa'idar da ba a kafa ba lokacin da injin ke sito biyar, ba za ta kafu ba idan ya shiga sito ɗari.

Akwai ɗan abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu riƙe alƙalami. Horo da Hausa na buƙatar kalmomi, kuma ma'aikata sun riga mu fara ƙirƙira. A siton da na je, bututun iskar nan "mai tofi" suke ce masa, abin da ya zubar kuma "amai". Babu kwamitin fassara da zai fi wannan. Wanda ke neman abin rubutawa ya je ya zauna da su yini ɗaya da littafinsa, ya nemi izini, ya saurara. Labaranmu sun cika da ɗan Alhaji mai kamfani, amma ban cika ganin wadda ke share ƙasan kamfanin ba.

Gwaggo dai ta koma ɓangaren zoɓo a wani siton, don har yanzu hannu ya fi yawa a can; furen ba shi da siffa ɗaya, yana kuma karyewa. Kuɗin bai kai na da ba, saboda matan riɗi duk sun dawo nan, layi ya yi tsawo. Makon jiya ta ce mini ta ga wasu baƙi sun zo da mai siton, suna ɗiban zoɓon da ta gyara da wanda ta zubar, suna zubawa a leda daban-daban, suna ɗaukar hoto. Ta tambaye su na mene ne, ɗaya ya ce mata, "Ba komai, Baba, ci gaba da aikinki."