Wasiƙa Zuwa ga Masu Kemis na Birnin Sakkwato Game da Maganin Amai

Ya ku 'yan'uwa masu sayar da magani, tun daga Ƙofar Atiku har Mabera da Runjin Sambo, ina neman izininku in taɓo wata mas'ala wadda ta daɗe tana damuna, watau yadda ake miƙa maganin amai da tashin zuciya ga duk wanda ya zo da kuɗinsa, alhali ba a tambaye shi musabbabin lalurar ba.

Shi amai ɗan aike ne, kuma wanda ya aiko shi yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ko laulayin ciki, ko kwalara irin wadda ta addabi jihar nan a daminar 2021; idan kuwa aka toshe bakin ɗan aike tun bai isar da saƙo ba, cutar tana nan tana cin jiki a ɓoye. Yaron da ke amai da gudawa, abin da ke halaka shi ƙarewar ruwan jiki ne, saboda haka haƙƙinsa a kanku shi ne ruwan gishiri da sukari, ana ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

Metokulofiramid, wanda kuka fi sani da Maxolon ko Plasil, yakan sa wuyan yaro ya sandare, idanunsa su kakkafe sama, harshe ya fito, har iyaye su ɗauka iska ce ta taɓa shi, su tafi neman ruƙiyya, ga kuwa mai laifin yana cikin aljihun uban. Hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shansa a 2013, kada ya wuce kwana 5, ta kuma haramta shi ga jariri ƙasa da shekara 1. Shi ma Phenergan ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2, domin yana iya danne numfashi.

Mai juna biyu kuwa sai a yi hattara ƙwarai, don talidomid, wanda aka janye a 1961, da sunan maganin laulayi aka sha shi, ya nakasa jarirai dubbai.

Ina roƙonku, don girman Allah, idan kun ga jini cikin amai, ko sanƙarar wuya, ko yaro ya kasa riƙe ko da ruwa, ku ajiye ciniki, ku tura majinyacin Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun da sauran ƙarfi a jiki.

Wassalam.