Kundin Karatun Shekara: Me Muka Karanta, Kuma da Wane Harshe?



Kowane ɗan kasuwa a cikinmu, daga mai rumfa a kasuwar Mont-Bouët har zuwa mai ɗan tebur a bakin titi, yana da littafin da yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ba ya dogara ga hadda, ko da kuwa alaramma ne, domin ya san bashin da ba a rubuta ba rigima ce mai jiran ranarta. Ƙungiyoyinmu ma haka suke: gudummawar biki, kuɗin jana'iza, zubin adashi, duk a rubuce. Amma akwai wata dukiya da ke shiga gidajenmu tana fita ba a yi mata lissafi, ita ce karatun da mutum ke yi don jin daɗin ransa, ba don jarrabawa ba, ba kuma don an tilasta masa ba. Ra'ayinmu shi ne kowane gidan Bahaushe a nan Libreville ya buɗe ɗan kundi da za a riƙa rubuta littattafan da aka karanta a cikin shekara, a kuma ware gurbi na musamman don rubuta harshen da aka karanta kowanne da shi.

Kada wani ya ɗauka wannan baƙuwar al'ada ce da muka gano a wayoyin yara. Gadonmu ne. A shekarar 1227 bayan Hijira, wato 1812, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, ya zauna ya rubuta ɗan littafin nan da ake kira Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Saboda wannan jeri ne muka san cewa ya karanta Ishiriniya da Witiriya a wurin yayansa Shehu Usmanu, muka san littattafan nahawu irin su Ajurumiya da suka bi ta hannunsa. Da bai rubuta ba, da yau sai dai hasashe. Masu binciken tarihi har yanzu a wannan ɗan littafi suke leƙa in suna son sanin abin da ake karantawa a ƙasar Hausa kafin jihadin 1804. Mutum ɗaya ya rubuta abin da ya karanta, sai ga shi ya adana hoton ilimin zamani guda.

In muka ƙara matsawa baya, a Bagadaza, a shekarar 377 bayan Hijira, wato 987, wani mai sana'ar kwafe littattafai da sayar da su, Ibnun Nadim, ya tattara sunayen littattafan da ya sani a cikin Fihirisa. Abin lura shi ne bai tsaya ga tafsiri da fiƙihu ba. Ya ware sashe don littattafan hira da tatsuniyoyin dare, har ya ambaci littafin Farisawa wanda shi ne tushen Dare Dubu da Ɗaya. Wannan amsa ce ga wasu dattawanmu, Allah ya ƙara musu girma, da za su ce littafin labari lagawu ne, bai kai a ɓata masa tawada ba. Shi kansa Malam Abdullahi ya lissafa waƙoƙin mawaƙan nan shida na Larabawan farko a cikin abin da ya karanta. Gaskiya ne don ƙwarewa a Larabci aka karanta su, amma ai hujjarmu ke nan: harshe ba ya zama a bakin mutum da ƙa'idojin nahawu kaɗai, sai ya sha daga waƙa da labari. Abin da waƙoƙin nan suka yi wa Larabcin malamanmu, shi Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce za su yi wa Hausar 'ya'yanmu.

A nan ne maganar ta shafe mu fiye da yadda ta shafi mutumin Kano ko na Maraɗi. Shi Bakano, ko bai buɗe littafi ba, Hausa tana kewaye da shi: a rediyo, a jikin mota, a allon shago, a ajin makaranta. Mu kuwa tsiraru ne. Kakannin wasunmu sun biyo hanyar fatauci ta Kamaru suka zauna a arewacin ƙasar nan, a Oyem da Bitam, tun zamanin mulkin mallaka, kafin a sami 'yancin kai a 1960. Wasunmu kuma daga baya suka zo daga Nijar da Nijeriya da Kamaru. Duk inda muka fito, 'ya'yanmu da Faransanci suke karatun boko, da Larabci suke karatun allo. Hausa ta rage a baki da kunne, ba ta da aji, ba ta da malami, ba ta da jarrabawa. Harshen da ke zaune a baki kaɗai, a garin da ba nasa ba, yana raguwa ne kamar sabulu a ruwa: ba a ganin ranar da ya ragu, sai dai a wayi gari a ga jika yana gaida kakarsa da kalmomi biyar ya koma Faransanci.

Alamar tana nan a saƙonnin da yaranmu ke aiko mana ta WhatsApp. In za su rubuta ciki sai su sa tchiki, in za su rubuta kuɗi sai su sa koudi, domin da ƙa'idar Faransanci suka koyi haɗa baƙi. Ka miƙa wa saurayi mai digiri daga Jami'ar Omar Bongo shafi guda na Hausar boko, sai ka ga ya yi turus a kan ɓ da ɗ da ƙ, alhali kullum yana furta su ba gargada. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa nuna masa. Kuma abin ban takaici, gyaran ba shi da wuya: wanda ya iya magana da Hausa, ya kuma iya karatun boko, 'yan kwanaki sun ishe shi ya saba, muddin akwai littafi mai daɗi da zai ja shi.

To mene ne amfanin kundi a cikin wannan? Amfaninsa na farko shi ne yana hana mu ruɗin kai. Kowane uba in aka tambaye shi zai ce ai gidansa ana riƙe da harshe. Amma in shekara ta juyo aka buɗe kundi aka ga littattafai goma sha biyu da Faransanci, uku da Larabci, babu ko ɗaya da Hausa, magana ta ƙare. Gani ya kori ji. Ɗan kasuwar da ba ya duba littafinsa yakan ɗauka riba yake ci alhali uwar kuɗi yake cinyewa. Mu ma muna iya cinye uwar kuɗin harshenmu muna murmushi.

Amfani na biyu ya shafi ƙarancin littattafan kansu. Littafin Hausa a garin nan ba kaya ba ne da za ka shiga kanti ka ɗauka. Yawanci a jakar matafiyi yake zuwa, daga Kano ko Zariya ko Damagaram, ya shiga hannu ya fita hannu har bangonsa ya rabu da shi. Ga kuma yanayin gari: ruwan da ke sauka a Libreville ya kusa milimita 3,000 a shekara, danshi yana sa takarda ta yi fumfuna, gara kuma ba ta jin kunyar kowa. Littafin da aka ajiye a akwati aka manta da shi, ya zama abincin ƙwari. In kowane gida yana rubuta abin da ya karanta da kuma hannun da ya aro daga gare shi, to ba tare da mun gina ɗaki ko mun nemi tallafin kowa ba, mun sami ɗakin karatu wanda kantocinsa ke warwatse a gidajenmu. Mai neman Shaihu Umar zai san yana Akébé, mai neman Ganɗoki zai san yana Lalala. Kuma tsohuwar cutar nan ta aron littafi ba a mayarwa za ta sami magani, domin an rubuta.

Amfani na uku na bayanmu ne. Muna barin wa 'ya'ya filaye da shaguna, amma ba ma barin musu hanyar sanin abin da ya zauna a zukatanmu. Kundin da uwa ta rubuta a ciki cewa a watan Rajab ta karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ta kuma ƙara layi ɗaya kan abin da ya taɓa ranta, wasiƙa ce zuwa ga jikar da ba a haifa ba tukuna.

Akwai ƙorafi biyu da suka cancanci a saurara. Na farko shi ne tsoron riya. A shafukan intanet irin su Goodreads mutane kan ɗaura wa kansu adadi a farkon shekara, su riƙa shelanta inda suka kai. Abin da hakan ke jawowa sananne ne: mutum ya guje wa littafi mai kauri, ya nemi sirara don lamba ta hau, ya karanta da gaggawa kamar mai cin abinci a tasha. Wannan ba shi muke kira gare shi ba. Kundinmu ba shi da adadin da aka yanka, ba a kuma liƙa shi a Facebook. Wanda ya shafe shekara a kan juzu'i uku na Magana Jari Ce, yana karanta wa yara labari ɗaya bayan sallar isha'i, ya fi mana wanda ya tsallake littattafai hamsin bai riƙe komai ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙorafi na biyu daga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata zai fito, kuma suna da hujja. Da yawansu suna bin littattafan marubutan Kano ta hanyar sauraro, ana karantawa a waya suna aikin gida, wasu kuma suna bin labari shafi-shafi a rukunin WhatsApp. Shin wannan ba karatu ba ne? Karatu ne, a rubuta shi. Mu da muka tashi a zaure muna sauraron malami yana jan baƙi yana fassarawa, ba mu ne za mu raina ilimin kunne ba. Sai dai a sa masa alama daban, domin kunne ba shi ne wurin da ciwonmu yake ba. Ido ne ya manta da Hausa, shi ya kamata kundi ya sa wa lura.

Kada kuma a fahimce mu da cewa muna yaƙi da Faransanci. Ƙasar nan ƙasarmu ce, adabinta ma namu ne. Yaron da ya karanta Histoire d'Awu na Justine Mintsa, 'yar Oyem, zai fahimci maƙwabtansa Fang fiye da yadda hirar kasuwa za ta fahimtar da shi. Wanda ya karanta Angèle Rawiri ko Laurent Owondo ko labaran 'yan sanda na Janis Otsiemi, ya ƙara sanin garin da yake takawa kullum. A rubuta su duka, da farin ciki. Abin da muke nema shi ne adalci tsakanin harsuna uku da Allah ya haɗa mana a gida ɗaya, kada ɗaya ya zama bora.

Yadda za a yi ba shi da wahala. A sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda yaranmu ke kira kaye. A ja layi biyar: ranar da aka gama, sunan littafi da mawallafinsa, harshe, hannun da aka samo shi, sai kuma jimla ɗaya tak kan abin da mai karatu ya tsinta. Wannan jimlar a yi ta da Hausa, ko da littafin na Faransanci ne, domin ita kanta darasin rubutu ce. Dattijon da ajami ya fi masa sauƙi ya rubuta da ajami, ya sa waƙoƙin Infiraji na Aliyu Namangi in su ya bita. Littafin da aka fara aka ajiye shi ma a rubuta, a faɗi dalili, babu abin kunya a ciki. A buɗe kundi a Muharram, a rufe a Zulhajji, sa'annan maigida ya tara iyalinsa a duba tare, kamar yadda ake zama lissafin shago. Lokacin babban hutun makaranta, sa'ad da ruwa ya ɗauke, shi ne damar da ta fi dacewa a sa wa yaro littafin Hausa na farko a hannu.

Ya kamata mu tuna cewa littattafan da muke alfahari da su a yau ba daga sama suka faɗo ba. Gasa aka shirya a Zariya a 1933, malamai 'yan ƙalilan suka amsa kira, daga ciki har da Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sun yi nasu, sun rubuta. Abin da ya rage a wuyanmu, mu da ke bakin teku nesa da Zariya, shi ne mu tabbatar akwai mai karantawa a gidajenmu. Duk wanda zai tafi gida bana, ko zai aika a kawo masa kilishi da yaji, ya ƙara littafi biyu a cikin saƙon. Wanda kuma yake da su a akwati, ya fito da su ya shanya kafin gara ta riga jikokinsa.

Allah ya sa mu dace, ya albarkaci zuriyarmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana. Wassalam.