Kafin a dasa furen wardi a Nguru da Gashuwa

Sababbin gidajen bulo na ta tashi a Gashuwa da Nguru, kuma masu gida da yawa na sha'awar ganin furen wardi ya haye katangarsu kamar yadda suke gani a waya. Sha'awar ba laifi ba ce, gida ya cancanci ado. Sai dai wardi shuka ce mai son sanyi da danshi. A Najeriya Jos ce mazauninsa, a kan tudu mai kimanin mita 1,200. Na Ɗa'if kuwa, wanda alhazai ke dawowa da turarensa, a kan duwatsun da suka haura mita 1,800 ake noma shi.

Nguru da Gashuwa ba su kai mita 400 ba. Damina wata uku ce zuwa huɗu, ruwanta bai cika wuce milimita 500 ba, a Afrilu da Mayu kuma zafi kan zarce digiri 40. Katangar siminti da ta sha rana tun hantsi takan toye ganyen da ya jingina da ita. Ƙasar rairayi ce, ruwa na zuba ta tsotse shi. Ganin tafkin Nguru ko kogin Yobe kada ya ruɗi kowa: a cikin unguwa, jarka-jarka ake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa.

Abin da ya fi dacewa da katangar nan shi ne buganbiliya, mai furanni ja da ruwan hoda kamar takarda. Asalinta Kudancin Amurka, amma ta saba da Sahel, har ma ta fi yin fure idan aka rage mata ruwa. Ƙayarta kuma na hana a haura katanga.

Akwai kuma na gida, waɗanda raini ne kawai ya sa ba a ƙirga su cikin kayan ado. Soso kan lulluɓe rumfa cikin damina ɗaya da fure ruwan ɗorawa, ya bar wa uwargida abin wanke-wanke. Yaɗiya tana nan kore shar har tsakiyar rani, ga kwaɗo. Lalle ba ya hawa bango, amma shingensa in ya yi fure, ƙamshin kan cika tsakar gida da yamma.

Wanda ya dage sai wardi, to ya nema masa gefen gabas, inda zai sami ranar safe ya tsira daga ta azahar. Ya haƙa rami mai zurfi, ya haɗa laka da takin da ya ruɓe sarai, don ɗanye gara yake kira. Ya dasa a ƙarshen damina, saiwa ta kama cikin sanyin hunturu kafin bazara. Ya kafa masa sanduna nesa kaɗan da bango, ya kewaye shi saboda awaki, sannan ya lissafa kuɗin ruwan Afrilu tun kafin ya biya mai sayar da dashe.