A Juye Tsoffin Wasiƙun Reshe Tun Kafin Rumbu Ya Tsage

'Yan'uwa malamai, akwai batun da ba ya samun gurbi a tarurrukanmu, domin kullum maganar albashi da ƙarin girma ke cinye lokaci. Batun shi ne tsohon fayil ɗin wasiƙun imel da ke cikin kwamfutar ofishin reshe. A ganina ya wajaba a ware masa rana guda da ɗan kuɗi a wannan zangon karatu, a juye shi zuwa sabon tsari.

Manhajar Outlook tana tara wasiƙu duka a fayil ɗaya da ake kira PST. Wanda aka buɗe da Outlook na 1997 zuwa 2002 ba ya ɗaukar fiye da gigabait 2. In ya kusa cika sai ya daina karɓar saƙo, wani lokaci ma ya lalace ya ƙi buɗuwa. A 2003 kamfanin Microsoft ya kawo sabon tsari mai amfani da Unicode, wanda ke ɗaukar gigabait 20, daga 2010 kuma aka kai shi 50. Abin da ke ruɗin mutane shi ne sayen sabuwar kwamfuta ba ya sauya fayil ɗin. An yi ta ɗauko shi daga wannan na'ura zuwa waccan, yana nan yadda yake, duk wanda ya leƙa bayanansa zai ga an rubuta 97-2002.

Akwai kuma abin da ya shafi harshenmu. Tsohon tsarin bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka sunan Malam Ɗanjuma kan iya fitowa da alamar tambaya a kan wasiƙa. Juyawa ba za ta dawo da harafin da ya riga ya ɓata ba, amma za ta tsare na gaba.

Na san wasu za su ce ana ta kai wa yake ta kaya. Amma mene ne a cikin fayil ɗin nan? Jerin sunayen waɗanda aka tura domin ƙarin girma, da takardun sauyin wurin aiki, da lissafin kuɗin ƙungiya da aka cire, da ranar da kowace wasiƙa ta tafi. Ranar da malamin da ya shekara 35 yana riƙe da alli a Horo Birni ya tsaya gaban masu tantance 'yan fansho, ko matar marigayi ta zo neman haƙƙin marayu, wannan kwanan watan shi ne shaidar da ke hannunmu. Mu da ke maƙwabtaka da Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa da wallafa, mun san cewa littattafansa sun iso gare mu ne domin almajirai sun yi ta kwafar su a sabuwar takarda duk lokacin da tsohuwa ta fara cinyewa.

Aikin ba shi da maɓalli guda da za a danna. Da farko a kwafi tsohon fayil a ajiye a wata ma'ajiya daban, kada a taɓa ta. Sannan a buɗe sabon fayil, a kwashe wasiƙun rukuni-rukuni zuwa cikinsa, a ƙirga adadinsu a ɓangarorin biyu har su yi daidai. Masu muhimmanci a buga su a takarda, domin zafin bazara da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ba sa raga wa na'ura.

Ban yarda a kai kwamfutar shagon gyara a bar ta ta kwana ba, saboda lambobin asusun banki na membobi suna ciki. Muna da malaman kwamfuta a makarantun Shagari da Boɗinga. A zaɓi biyu daga cikinsu, su yi aikin a ofis a gaban sakatare da ma'aji, su kawo rahoto a taro mai zuwa.