Majalisun Tambuwal da Kebbe Su Fito da Matsayinsu

Tun ranar 15 ga Fabrairu 2024, da Shugaba Tinubu ya gana da gwamnoni a Abuja aka fito ana albishir da 'yan sandan jihohi, jama'ar Kebbe da Tambuwal suke dakon ranar da alkawarin zai zama doka, alhali ɓarayin dajin da ke ɓullowa ta iyakar Zamfara ba su dakata ba, har ta kai manomi a Kuchi yana fita gona da fartanya a kafaɗa guda, bindigar toka a ɗayar, wadda maƙerin ƙauye ya harhaɗa masa da bututun ƙarfe, ba lasisi, ba rajista, ba mai sanin adadin irinta face Allah.

Wannan ita ce fitinar da muke tsoro. Tsarin mulkin 1999 ya keɓe sha'anin makamai da harsasai ga tarayya ita kaɗai, sashe na 214 ya haramta kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta Nijeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 kuwa, wadda muka gada daga Turawa, ta ajiye izinin riƙe ko da bindigar toka a hannun kwamishinan 'yan sanda, wanda talakan Kebbe bai taɓa ganin ƙofar ofishinsa ba. Sakamakon haka, askarawan da Gwamna Ahmad Aliyu na Sakkwato ya ƙaddamar a 2024 doka ba ta halatta musu irin makamin abokan gabarsu ba, mai bin doka ya zauna hannu rabbana, azzalumi kuma yana yawo da AK-47 da rana tsaka.

Saboda haka wajibi ne majalisun ƙananan hukumomin nan biyu su zauna, da kansiloli da hakimai da limaman Juma'a, su zartar da ƙuduri a rubuce na goyon bayan gyaran tsarin mulkin da zai ba jiha ikon yi wa bindigogin tsaro rajista, da horar da masu riƙe su, da mai da su ma'ajiya bayan sintiri, da hukunta duk wanda ya ci amanarsu. Su miƙa ƙudurin ga Majalisar Dokokin Sakkwato, domin sashe na 9 ya shardanta amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, su kuma damƙa shi hannun Sanata Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai, ya san lungunanta.

Masu cewa gwamnoni za su mai da rundunar tsaron jiha 'yan bangar siyasa, kamar yadda aka zargi 'yan dokan En'e a da, suna da 'yar hujja, amma maganin wannan sharuɗɗa ne a cikin dokar. A 2022 da aka rasa doka, gwamnatin Zamfara ai cewa ta yi kowa ya nemi bindigarsa.

Ba mu manta ba cewa majalisun jihohin nan su ne suka sha binne gyaran 'yancin ƙananan hukumomi, sai da Kotun Ƙoli ta tsoma baki ranar 11 ga Yuli 2024, kuma shugabannin da ya kamata su yi magana a lokacin shiru suka yi, suna jiran umarni daga gidan gwamnati. Mun gaji da ziyarar jaje da buhunan shinkafa. Shugabannin Tambuwal da Kebbe su kira zaman nan kafin wata damina ta kama, a karanta ƙudurin a bainar jama'a, a bayyana sunan kowane kansila da ya sa hannu da wanda ya ƙi.