Mai Ɗori Ba Ya Tsayawa A Fata

Wata rana da la'asar a majalisarmu ta Mungadi, wani abokin karatuna ya yanke hukuncin cewa koyon harshen C a wannan zamani ɓata lokaci ne, wai Python ya wadatar da kowa. Na san da yawa daga ɗaliban kwamfuta haka suke gani. Ni dai na ce kuskure ne, kuma mu mutanen karkara ne za mu fi ɗanɗana kuɗarsa.

Harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su hawa-hawa ne. Na ƙasa, irin su Assembly da kuma C wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a 1972, suna barin mai rubutu ya tsara ma'adanar inji da hannunsa, ya san inda kowane bayit ya kwana. Na sama, irin Python wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, sun sauke masa wannan nauyi, da 'yan layuka kaɗan sai aiki ya kammala. Sai dai sauƙin ba kyauta ba ne. Inji ne ke biya, da ma'adana, da lokaci, da wutar lantarki. To, a garin da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, wa zai ɗauki nauyin wannan biya?

Da kaina na gane amsar. Kawuna manomin albasa ne a yankin Aliero, yakan adana ta a rudu har farashi ya tashi, kuma laima ce babbar abokiyar gabarsa. Na haɗa masa na'urar auna zafi da laima, na rubuta umarninta da Python a kan wata ƙaramar kwamfuta. Cikin kwana biyu na gama, ina ta alfahari. Da hadari ya rufe rana, farantin sola ya kasa cika batir, na'urar ta mutu kafin asuba, a daidai daren da aka fi bukatarta. Na koma na sake rubutawa da C a kan ƙwayar ATmega328P, irin wadda ke cikin Arduino Uno, mai ma'adanar aiki ta kilobayit 2 kacal. Na sha wuya mako uku, amma na koya mata yin barci tsakanin awo da awo, batir ɗin nan kuwa ya daina mutuwa. Wanda ruwansa bai isa wanka ba, dole ya iya alwala.

Abokina zai ce lokacin ɗan Adam ya fi na inji tsada, kuma C na buɗe ƙofar kurakuran da ke rusa manhaja. Gaskiya ya faɗa. Da ɗan kasuwar Jega zai nemi in tsara masa lissafin buhuna da basussuka, da Python zan yi ba tare da jinkiri ba. Abin da na ƙi shi ne a ce na ƙasan ya mutu. Babban injin da ke fassara Python ɗin, da C aka rubuta shi. Zuciyar Linux, wadda wayar Android da ke aljihun abokina ke tafiya a kanta, ita ma mafi yawanta da C aka gina.

Aliero ta yi suna da masu ɗori, waɗanda ake kawo wa karaya daga nesa. Ba don sun iya shafa fata ake zuwa ba, don sun san zaman ƙashi ne. Ɗalibin da bai taɓa sauka ƙasa ya ga yadda inji ke aiki ba, zai iya shafa fata iya ransa. Ranar da ƙashi ya karye, sai ya zauna jiran wani daga ƙetare ya zo ya ɗora masa. Saboda haka ina kira ga malamanmu: a koya mana Python mu yi sauri, amma kada a yaye ɗalibi sai ya taɓa sa ƙwayar kilobayit 2 ta yi aiki.